Likkafanin Turin: Tsakanin Nuni, Adanawa da Tantancewa

Gabatarwa

A babbar majami'ar birnin Turin da ke arewacin Italiya akwai wani ƙyallen lilin mai tsawon kusan mita 4.4 da faɗin mita 1.1. A jikinsa akwai dishi-dishin surar wani mutum mai gemu, gaba da baya, da tabon raunuka a wuyan hannu da ƙafa da haƙarƙari. Mabiya ɗarikar Katolika da dama sun yi imani da cewa a cikinsa aka naɗe Yesu Almasihu bayan an gicciye shi, kamar yadda addininsu ya koyar. Wannan maƙala za ta bi sawun ƙyallen, domin nuna yadda buƙatu uku, wato nuna shi ga jama'a da adana shi da tantance asalinsa, suka daɗe suna cin karo da juna.

Bayyanarsa

Tarihin da aka tabbatar ya faro ne wajajen 1355 a ƙauyen Lirey na ƙasar Faransa, a hannun wani barde mai suna Geoffroi de Charny. Da aka fara baje shi, masu ziyara suka yi ta kwarara da sadakokinsu. Sai dai tun a wancan zamani aka fara tababa. A 1389 Bishop Pierre d'Arcis na Troyes ya rubuta wa Clement na Bakwai, wanda ke riƙe da kujerar Fafaroma a Avignon, cewa wani bishop da ya gabace shi ya bincika, har ya gano mai zanen da ya yi aikin. A 1390 Clement ya yanke hukuncin raba gardama: a ci gaba da nuna ƙyallen, amma a riƙa shelanta wa jama'a cewa kwatanci ne na likkafanin.

A 1453 jikar barden, Margaret, ta miƙa shi ga gidan sarautar Savoy. A 1578 aka kai shi Turin domin a rage wa Charles Borromeo, babban bishop na Milan, nisan tafiya, saboda ya yi alwashin ziyartarsa a ƙafa.

Adana Shi

Sau biyu gobara ta kusa raba duniya da wannan ƙyalle. A 1532, yana Chambéry, wuta ta kama ɗakin ibadar da yake ciki, narkakkiyar azurfa daga akwatinsa ta ɗiga a kansa yana ninke, ta huda shi a wurare da yawa. A 1534 wasu mata masu zaman zuhudu suka yi masa faci. A watan Afrilun 1997 kuma wuta ta tashi a ɗakin da aka gina masa a Turin, sai da 'yan kwana-kwana suka farfasa gilashin da harsashi ba ya hudawa kafin su fito da shi.

A 2002 aka cire tsofaffin facin nan, abin da wasu masana suka soka da cewa an taɓa shaidar tarihi. A yanzu yana shimfiɗe cikin akwati a rufe ruf, cike da iskar argon mai hana zare ruɓewa, ga na'urorin daidaita zafi da laima. Da yake haske yana dusashe surar, ba a cika fito da shi ba. An nuna shi a 1998 da 2000 da 2010 da 2015, kuma a wannan na ƙarshe fiye da mutum miliyan 2 suka je kallo.

Tantance Shi

A 1898 wani lauya mai suna Secondo Pia ya ɗauki hotonsa na farko. Da ya duba dodon hoton, sai ya ga fuskar ta fito sarai fiye da yadda take a jikin ƙyallen. Wannan ne ya jawo hankalin masana kimiyya. A 1978 wata tawaga, akasarinta daga Amurka, ta shafe sa'o'i 120 tana bincike, ta ce ba da fenti aka yi surar ba, amma ta kasa bayyana yadda ta samu. Wani masani, Walter McCrone, ya saɓa musu, ya ce ya ga ɓurɓushin launin masu zane.

A 1983 tsohon Sarki Umberto na Biyu ya rasu, ya bar wa Fafaroma ƙyallen a wasiyyarsa. A 1988 aka yarda a yanki ɗan guntu a yi masa gwajin kabon. Kowace shuka tana zuƙar wani nau'in kabon muddin tana raye, idan aka cire ta sai ya riƙa raguwa da rabi duk bayan shekara kusan 5,730, don haka abin da ya saura yakan nuna shekarunta. Ɗakunan bincike uku, a Oxford da Zurich da Arizona, suka ce an girbe shukar da aka saƙa lilin ɗin da ita tsakanin 1260 da 1390, wato daidai zamanin da ya ɓulla a Lirey.

Duk da haka tsugune ba ta ƙare ba. Masu goyon bayan ƙyallen sun ce an yanko guntun daga kusurwar da hannaye suka daɗe suna taɓawa, ko wadda aka taɓa gyarawa. Yawancin masana ba su gamsu da wannan hujja ba. Sake gwajin kuwa yana buƙatar a ƙara yanka, a kuma ƙone abin da aka yanka, kuma masu kula da shi ba su sake bayar da izini ba.

Kammalawa

Cocin Katolika ba ta taɓa wajabta wa mabiyanta su gaskata sahihancin likkafanin ba. A 1998 Fafaroma John Paul na Biyu ya bayyana a Turin cewa batun ba na rukunan imani ba ne, an bar wa masana kimiyya su ci gaba da bincike. Magadansa Benedict na Sha Shida da Francis sun ambace shi a matsayin sura mai tunatar da muminai wahalar Almasihu. Wannan matsayi ya yi kusa ƙwarai da hukuncin da Clement ya yanke a 1390, fiye da shekara 600 da suka wuce.