Sankarar kuben jijiya

sankarar kuben jijiya (sn., mc.) Mugun ƙari da ke tsirowa daga rigar da ta lulluɓe jijiyoyin saƙo, musamman babbar jijiyar da ta sauko bayan cinya da tarin jijiyoyin da ke tsakanin wuya da hammata. Ba a cika ganinta ba. Kusan rabin masu ita suna da cutar gado ta niyurofaiburomatosis nau'i na 1, mai fitar da tabo ruwan ƙasa da ƙuraje masu laushi a fata. Wasu kuma tana fito musu shekaru bayan an yi musu gashin haske don maganin wata sankarar.

Babban maganinta tiyata ce: a cire ƙarin kakaf har da lafiyayyen naman gefensa, wani lokaci har da ƙafar ko hannun. Gashin haske yana rage dawowarta a gurbinta, amma allurai irin su dokzorubisin ba su cika yi mata tasiri ba. In ƙarin ya wuce santimita 5, ko ya bazu zuwa huhu, lamarin ya yi tsanani. Kimanin rabin majinyata ne ke kaiwa shekara 5.

*Misali:* Ƙullin ya soma zogi da girma, likita ya ce a gwada ko sankarar kuben jijiya ce.