Tuƙin ƙaramar jif a rairayin bakin teku: yadda ake yi a tsibirin K'gari na Ostireliya

A gabashin ƙasar Ostireliya, daura da gaɓar jihar Queensland, akwai wani tsibiri mai suna K'gari wanda babbar hanyar motarsa ita ce rairayin bakin teku. Dokar ƙasa ta ɗauki wannan gaɓa a matsayin titi. Akwai allunan iyakar gudu, 'yan sanda na tsayar da direbobi su auna ko sun sha barasa, kuma ƙananan jiragen sama na sauka a kan rairayin da motoci ke bi. Sai dai titi ne da teku ke ƙwacewa sau biyu a kowace rana, kuma direban da bai san lokacin ba yana iya barin motarsa a can.

K'gari shi ne tsibirin rairayi mafi girma a duniya, tsawonsa ya haura kilomita 120. An daɗe ana kiransa tsibirin Fraser, kafin gwamnatin Queensland ta maido masa da sunan da al'ummar Butchulla, mazaunansa na asali, ke kiransa da shi, a shekarar 2023. Ba a furta harafin farko, saboda haka a kunnen Bahaushe sunan ya yi kusa da kalmar "gari", ko da yake babu abin da ya haɗa su. Hukumar UNESCO ta sanya shi cikin wuraren tarihi na duniya a 1992. Ana tsallaka motoci zuwa can ne a jirgin fito, kuma sai mai mota ya sayi takardar izini. Motar da ta dace da wurin ita ce wadda injinta ke juya duk tayoyi huɗu, mai tudu daga ƙasa, wato irin wadda aka saba kira jif.

Dalilin da ƙaramar mota ke yin fice

Mafi yawan motocin da ake gani a gaɓar manya ne, irin su Land Cruiser da Hilux da Patrol. Amma a cikinsu akan ga wata 'yar ƙarama, Suzuki Jimny, wadda kamfanin Suzuki na Japan ya fara ƙerawa a 1970, ya kuma fito da zubi na huɗu a 2018. Mai ƙofa uku nauyinta kusan kilo 1,100 ne, wato bai kai rabin nauyin babbar Land Cruiser ba. Injinta mai lita 1.5 ne, ba wani ƙarfi na a zo a gani ba. Duk da haka sau da yawa takan wuce inda babbar mota mai cike da kaya ta kafe.

Sirrin yana cikin yadda rairayi ke ɗaukar nauyi. Kwalta ba ta lotsawa, rairayi kuwa yana lotsawa, taya ta nutse kaɗan, sai ya taru a gabanta ya zama ɗan tudu. Motar da ke tafiya a rairayi tamkar kullum hawan tudu take yi, tudun da ita da kanta take ginawa. Gwargwadon nauyinta, gwargwadon zurfin nutsewarta da tsayin tudun da za ta ture. Mota marar nauyi takan tsaya a sama-sama, shi ya sa ƙaramin inji ke isar ta.

Ƙanƙantar tana da tata illar. Jimny ta fi tsayi a kan faɗi, kuma tazarar da ke tsakanin tayoyin gaba da na baya gajera ce, saboda haka juya sitiyari da gaggawa yana iya kifar da ita. Sawun da manyan motoci suka bari a rairayi mai laushi ya fi faɗinta, sai ta riƙa tafiya ƙafa ɗaya cikin rami ɗaya a waje, tana karkata. Tankin manta lita 40 ne kacal, alhali rairayi na sa inji shan mai fiye da yadda ya saba. Nauyin da aka amince ta ɗauka, har da mutanen ciki, bai kai kilo 400 ba. Wanda ya cika ta da mutum huɗu da jarkoki da tanti ya riga ya zubar da fifikon da take da shi.

Iskar taya

Abu na farko da direba ke yi kafin ya taka rairayi shi ne rage iskar tayoyinsa. Tayar da ta sha iska sosai ƙaramin sashe ne nata ke taɓa ƙasa, duk nauyin motar ya taru a wurin, sai ta yanka rairayin kamar wuƙa. Idan aka rage iskar, tayar kan kwanta, sawunta ya ƙara tsawo, nauyin ya bazu. Mutane da yawa na zaton faɗi sawun ke ƙarawa, amma tsawon ne ya fi ƙaruwa, kuma shi ya fi amfani. Hikimar ita ce ta tafin ƙafar raƙumi, wanda ke buɗewa idan ya taka.

A ma'aunin PSI, wanda masu facin taya ke aiki da shi, ƙaramar jif kan hau kwalta da iskar da ba ta kai 30 ba. A rairayi mai laushi direbobi kan sauke ta zuwa tsakanin 15 da 20. Ana yin haka ne da geji, ba da ido ba, domin tayoyin zamani ba sa nuna ainihin iskar da ke cikinsu. Idan aka zarce, haɗari biyu na jira. Na farko, leɓen tayar na iya zamewa daga wili a lokacin shan kwana, iskar ta fice gaba ɗaya. Na biyu, taya mai ƙarancin iska tana ɗaukar zafi idan aka yi gudu, har ta kai ga fashewa. Don haka rage iska da rage gudu tare suke tafiya, kuma ana ajiye famfo a mota domin maido da iskar kafin a koma kwalta.

Dabarar ta girmi Jimny nesa ba kusa ba. Ralph Bagnold, wani hafsan sojan Ingila da ya riƙa ratsa hamadar Masar da Libiya da motocin Ford a shekarun 1920 da 1930, yana cikin waɗanda suka fara tabbatar da ita, tare da shimfiɗa faifan ƙarfe a ƙarƙashin tayar da ta kafe. Direbobin da ke tashi daga Agadez zuwa Dirku da Bilma ma da ita suke aiki. Abin da ya bambanta gaɓar teku da hamada shi ne, a hamada wanda ya kafe yana da lokacin tono.

Agogon teku

Ruwan teku yana cikowa ya janye sau biyu a cikin kimanin sa'a 24 da minti 50, sakamakon jan da wata da rana ke yi masa. Tsakanin cikakkiyar cikowa da ƙarshen janyewa akwai sa'a shida da 'yan mintuna, kuma kowace rana lokacin na jinkirta da kusan minti 50. Saboda haka lokacin da aka wuce lafiya jiya ba lallai ya zama na yau ba. Cikowar ta fi tsanani a lokacin tsayuwar sabon wata da kuma daren sha huɗu zuwa sha biyar, lissafin da mai bin watan Musulunci ba zai sha wuyar riƙewa ba.

Idan ruwa ya janye, yakan bar shimfiɗar rairayi mai danshi, mai tauri kusan kamar daɓe. Danshin ne ke riƙe ƙwayoyin rairayin da juna. Wanda ya bushe ƙarau a can sama yana zubewa, wanda ruwa ya yi wa yawa a can ƙasa kuma yana haɗiye taya. Hanyar tana tsakanin biyun. Da ruwa ya fara dawowa sai ta riƙa tsukewa, tana tura motoci zuwa rairayi mai laushi, inda inji ke wahala. Shawarar hukumar kula da gandun dajin Queensland ita ce a yi tafiya a kusa da lokacin janyewa, a kuma guje wa sa'o'i biyu kafin cikakkiyar cikowa da sa'o'i biyu bayanta.

Motar da ta kafe a inda igiyar ruwa ke kaiwa ba ta daɗewa. Kowace igiya da ta zo ta koma tana kwashe rairayin ƙarƙashin tayoyi, motar ta ƙara zama, har cikinta ya manne da ƙasa ta yadda ja da igiya ba ya ɗaga ta. Duwatsun Mudlo da ke garin Rainbow Beach, a babban yankin da ke kudu da tsibirin, sun yi suna wajen haka: direbobi kan yi ƙoƙarin zagaye su a tsakanin igiya da igiya, kuma motocin da teku ya cinye a wurin ba su da iyaka.

A kan hanya

Iyakar gudu a gaɓar gabas, wadda ake kira Seventy-Five Mile Beach, kilomita 80 ce a sa'a, a hanyoyin cikin tsibiri kuma 30. Adadin farko iyaka ce ta doka kawai, kuma ga ƙaramar mota mai sassautacciyar taya ya yi yawa. Ana bin hannun hagu kamar sauran titunan Ostireliya, kowa da bel ɗinsa. Direba yakan sa giyar da ke haɗa tayoyi huɗu tun kafin ya shiga, ya ajiye giyar ƙarfi don wurare masu laushi sosai da hawan tudu. Akan kashe na'urar da ke hana taya sulɓi, domin tana rage wa inji ƙarfi a daidai lokacin da ake buƙatarsa. Tashi a hankali, kwana mai faɗi, kuma maimakon danna birki da ƙarfi, wanda ke tara rairayi a gaban taya, sai a ɗaga ƙafa daga totur motar ta tsaya da kanta.

Abin da ya fi yaudarar baƙi shi ne ƙoramun ruwan daɗi da ke gangarowa daga cikin tsibiri su ratsa gaɓar su shiga teku. Mafi girmansu a gabas shi ne Eli Creek. Sukan zaizaye rairayi su bar gaɓa mai kaifi, wadda ba a hango ta daga nesa, musamman da tsakar rana ko da dare. Motar da ta faɗa irin wannan rami da gudu tana iya tuntsurawa. Gogaggun direbobi kan sauka su taka ruwan da ƙafa kafin su tsallaka, kuma ba sa tsayawa a tsakiya, domin ruwa mai gudu yana yi wa taya abin da igiyar teku ke yi mata.

Haɗurran da suka yi sanadin mutuwar matasa 'yan yawon buɗe ido a 2009, waɗanda motocin hayarsu suka kife, su suka sa gwamnatin Queensland ta tsaurara doka: motar haya ba za ta ɗauki fiye da mutum takwas ba, kuma an hana ɗora mata kaya a kan rufi. Dalilin hana kayan rufi ya shafi ƙaramar jif fiye da kowace mota, tun da nauyin da ke sama shi ne ke taimaka wa mota kifewa.

A wannan gaɓa ne kuma gawar jirgin ruwan Maheno take kwance tun 1935, lokacin da guguwa ta tsinke igiyar da ake jansa da ita zuwa Japan. Masu motoci kan tsaya kallonsa, kuma tsatsar da ta cinye ƙarfensa ta isa ta nuna abin da gishiri ke yi.

Idan mota ta kafe

Kuskuren da aka fi yi shi ne ƙara wuta. Tayar da ke juyawa a wuri ɗaya rami take tonawa, kuma cikin 'yan daƙiƙu cikin motar zai zauna a ƙasa. Abin yi shi ne a ɗaga ƙafa nan take, a gwada ribas a kan sawun da aka shigo, tun da an riga an danne shi. Idan bai yiwu ba a ƙara rage iska, a kwashe rairayin da ke gaban tayoyi da ƙarƙashin mota da shebur, a cusa allunan da aka tanada domin haka, fasinjoji su sauka. A nan ma ƙaramar mota na da sauƙi, domin mutum uku ko huɗu kan iya tura ta.

Ja da igiya mai talewa shi ne mataki na ƙarshe, kuma shi ya fi haɗari. Ba a ɗaura ta a dunƙulen ƙarfen da ake maƙala tirela, domin yakan karye ya tashi kamar harsashi, kuma ya kashe mutane a Ostireliya. Ana ɗaurawa ne a wuraren da aka ƙera domin ja, 'yan kallo su matsa nesa. Idan babbar mota ce za ta fizgo ƙarama, sai ta yi a hankali, domin ƙarfin da zai ciro Land Cruiser yana iya lanƙwasa ƙashin Jimny.

Abin da gaɓar ke biya

Rairayin da ake gani fayau yana da mazauna. Ƙaguwa na tona ramuka a cikinsa, tsuntsayen bakin ruwa na yin ƙwai a fili ba tare da sheƙa ba, kunkurun teku na fitowa da dare su binne nasu ƙwan. Ciyawar da ke kan tuddai ita ke riƙe rairayi, kuma idan taya ta kashe ta iska sai ta kwashe tudun. Shi ya sa aka haramta hawa tuddan K'gari da mota sai ta hanyoyin da aka keɓe. Rashin nauyin ƙaramar jif yana rage zurfin sawu, amma ba ya hana ta fasa ƙwai.

Ƙasashe sun sha bamban kan lamarin. Afirka ta Kudu ta kafa dokar hana tuƙin nishaɗi a gaɓar tekunta a ƙarshen 2001, sai da izini na musamman. A Moritaniya kuwa larura ce ta sa aka daɗe ana yi: kafin a kammala titin kwalta tsakanin Nuwadibu da Nuwakshot a tsakiyar shekarun 2000, motoci kan jira ruwa ya janye su bi bakin Tekun Atlantika a zangon ƙarshe na tafiyar, kuma da titin ya samu sai akasarin matafiya suka koma kansa.