Razana a Aikin Malam Moustapha Alassane na Tawa: Bahasi a kan "Toula"

Muƙaddima

Duk wanda ya bi abin da manazarta suka rubuta game da marigayi Moustapha Alassane, wanda aka haifa a 1942 ya rasu a Wagadugu a 2015, zai tarar sun taru a kan laƙabi guda, wato uban zane mai motsi a Afirka, suna kafa hujja da fim ɗinsa "Bon Voyage Sim" na 1966, inda kwaɗi ke kwaikwayon shugabanni, da kuma zamansa a Kanada wajen Norman McLaren. Ba mu musanta wannan ba, amma muna ganin sun tauye shi, domin mutumin da ya shekara 15 yana jagorantar sashen silima a Jami'ar Yamai, daga bisani ya tare a Tawa ya mai da ɗakunan masaukinsa wurin aiki da koyarwa, ya san hanyar tsoratar da mai kallo kamar yadda ya san hanyar ba shi dariya. Hatta waɗanda suka karrama shi a Cannes a 2007 da lambar girma ta Faransa, mai barkwancin suka fi tunawa.

Hanyar da muka bi ita ce gwada fim ɗinsa "Toula" da riwayoyin maciji da Dodo na ƙasar Hausa.

Bahasi

Ya shirya "Toula" a 1973 tare da Anna Soehring, bisa hikayar da Boubou Hama ya rubuta, a daidai lokacin da fari ya halaka dabbobin Adar da Azawak, makiyaya suka kwararo garuruwa. Ƙissar gajera ce: ruwa ya ƙafe, boka ya ce aljanin tafki ba zai huce ba sai an ba shi budurwa, zaɓi ya faɗa kan Toula, ƴar ƴar'uwar sarki, saurayinta kuwa ya bazama neman ruwa ko ya fanshe ta, bai komo ba sai bayan an gama.

To, a nan ne hujjarmu take. Bahaushe ya saba da maciji mai hana ruwa tun daga rijiyar Kusugu ta Daura, kuma ya saba da cewa a ƙarshe baƙo zai zo da takobi, kamar yadda Bayajida ya zo, ya sare kan macijin, jama'a su sha ruwa, a ɗaura aure. Haka nan a tatsuniyoyin da kakanni ke yi da dare, in Dodo ya haɗiye yarinya, akan tsaga cikinsa ta fito da ranta. Alassane ya san mai kallonsa na zaune da wannan tsammani, sai ya bar shi yana jiran mai takobi har ƙarshe, ya hana mai takobin zuwa. Musabbabin razanar, a fahimtarmu, yana ga mutanen da suka yanke hukuncin cikin natsuwa, da kawun da ya san abin da za a yi ya yi shiru, da yadda aka yi wa yarinya ado aka raka ta da kiɗa alhali ba ta san inda za a kai ta ba. Wanda ya kalli wannan a Tawa a shekarun yunwa, yana ganin yadda masu iko ke zaɓen wanda za a bari ya mutu, ba ya bukatar a fassara masa kome. Kuma ba a daɗe ba, a Afrilun 1974, sojoji suka kifar da shugaba Diori Hamani, batun abincin agaji na cikin dalilan da suka bayar.

Wannan gwaninta ta samo asali tun ƙuruciyarsa, lokacin da yake haska fitila a bayan ƙyalle yana nuna wa mutanen ƙauye inuwoyin da ya yanka da hannunsa, kafin ya haɗu da mai shirya fim Jean Rouch a Yamai. Wanda ya fara sana'a da inuwa ya riga ya koyi cewa abin da aka ɓoye ya fi abin da aka nuna firgitarwa.

Iyakar bincike

Za a iya cewa hikayar Toula ta ƙasar Sanwai ce, ba ta Adar ba, kuma fim guda bai isa a sauya wa mutum laƙabi ba. Mun karɓi ta farko. Ta biyu kuwa, ga "Deela ou Albarka le conteur" na 1969, wanda ya gina a kan bakin mai ba da labari Bahaushe, yana jiran wanda zai gwada shi da wannan ma'auni.