Darak: Ruwa Ya Ja, Iyaka Ta Tsaya

Da fari ya tsananta a shekarun 1970 da 1980, Tafkin Chadi ya ja baya. Masunta, cikinsu har da iyayenmu Hausawa, suka bi kifi har Darak, hukumomin Najeriya suka biyo sawunsu. A 1994 Kamaru ta kai ƙara Kotun Duniya. Ranar 10 ga Oktoba 2002 kotun, bisa tsofaffin yarjejeniyoyin Ingila da Faransa, ta ce Darak ƙasar Kamaru ce. A Disamba 2003 Najeriya ta janye. Masunci bai ɗaga bukkarsa ba, amma ya wayi gari baƙo, ana tambayarsa takarda. Shi ya sa muke nanatawa, 'yan'uwa: a yanko wa yara takardar haihuwa. Allah Ya zaunar da mu lafiya.