Daga Kakalaba Zuwa Shayin Rage Ƙiba: Tarihin Yunwa da Ƙoshi a Kwarin Rima

Maƙalarmu ta wannan mako a kan ciki take.

Akwai wata jaruma da ta fara yawa a labaranmu. Ta yi ƙiba, miji ko ƙawaye sun yi mata gori, ta yi zuciya ta daina cin tuwo, bayan babi biyu ta fito siririya, kowa ya dawo yana lallashinta. Muna rubuta ta kamar tun fil azal haka Bahaushe ke kallon jiki, kuma kamar haka jikin mutum yake aiki. Duka biyun ba haka ba ne. Bari mu ɗauki yanki guda mu duba, wato kwarin gulbin Rima, daga Augie zuwa Argungu har Birnin Kebbi.

Ƙasa ce ta fadama, ta jar shinkafa da kifi, ga gero da dawa a tudu. Duk da haka yunwa tana da lokacinta a nan kamar yadda sanyi yake da nasa. Tsakiyar damina, wajen Yuli da Agusta, rumbu ya yi ƙasa, gero bai nuna ba, kuma a lokacin ne noma ya fi cin ƙarfi. Sai kaka ta zo a murmure. Jikin manomi yana sauka yana hawa tare da shekara. Ga kuma yaƙi. Bayan masu jihadi sun ci Birnin Kebbi a 1805, Kabawa sun ja daga a garuruwa irin su Augie da Argungu, aka shafe mafi yawan ƙarnin ana gwabzawa da Sakkwato da Gwandu, kuma yaƙin wancan zamani gona da rumbu yake fara ci kafin ya ci mutum.

Zuwan Turawa ya kashe wutar yaƙi, bai kashe yunwa ba. Ruwa ya ƙi a 1913, aka wayi gari a 1914 cikin babbar yunwar da aka yi wa laƙabi da Kakalaba, ga haraji da ake nema da kuɗi. An sake yin wata a 1927, wata a 1942, sannan farin 1973 wanda har yau akwai masu tuna shi a raye. Michael Watts ya bi diddigin waɗannan shekaru a littafinsa Silent Violence na 1983, kuma duk mai son rubuta labarin wancan zamani ya neme shi. A irin waɗannan shekaru ne ake tonon bado a tafki, a kwashe 'ya'yan ƙarangiya, a jiƙa anza kwana da kwanaki har ɗacinta ya fita, a fasa gidan tururuwa don 'yan ƙwayoyin hatsin da ta tara.

Mutanen da suka ga wannan ba za su ɗauki ƙiba aibi ba. "Ka yi ƙiba" yabo ne. "Lafiya ka rame haka?" tambaya ce ta mai zargin ciwo ko baƙin ciki. Amarya in ta yi ɓul-ɓul sai a ce gidan miji ya karɓe ta, dangin ango su samu abin taƙama. Uwar da ke tsare yaro sai ya sice kwano, da mai masaukin da ba ya jin "na ƙoshi" sai ya ƙara maka malmala, ba mugunta suke yi ba. Gadon tsoro ne, kuma tsoron yana da dalili.

Abincin ne ya canza, da gudun da al'ada ba ta iya binsa ba. Madatsun Bakolori da Goronyo sun sauya tafiyar ruwa a kwarin, injin ban ruwa ya kawo noman rani. A Nuwamban 2015 aka ƙaddamar da shirin bai wa manoman shinkafa rance a Birnin Kebbi, a 2017 aka buɗe babban kamfanin casar shinkafa na WACOT a Argungu. Farar shinkafa, wadda a da sai Sallah ko biki a gidaje da yawa, ta zama ta yau da kullum ga mai hali. Ga taliya, ga lemon kwalba, ga shayi mai cokalin sukari huɗu. Tafiyar da ake yi da ƙafa ta koma kan babur. Ciwon sukari da hawan jini suka daina zama labarin mutanen birni. Yanzu a kasuwa guda za ka samu ƙwayar da ake kira "sha ka fashe" don mai neman ƙiba, gefenta kuma shayin rage tumbi. Zamani biyu a kanta ɗaya.

Shi kuwa tsarin ƙayyade ci don a rame, na aro ne. A 1863 wani mutumin Landan mai sana'ar shirya jana'iza, William Banting, ya buga ɗan littafi kan yadda ya rage ƙiba da barin burodi da sukari da dankali, littafin ya yi kasuwa, tun daga nan kusan kowane zamani da nasa tsarin. Amma gwajin da ya kamata marubuci ya sani shi ne na jami'ar Minnesota ta Amurka, 1944 zuwa 1945. Ancel Keys ya ɗauki samari 36 masu lafiya, ya rage musu abinci kusan rabi har tsawon mako 24. Sun zubar da kusan kashi ɗaya cikin huɗu na nauyinsu. Sun kuma zama masu saurin fushi, ba su da hira sai ta abinci, wasu har tara littattafan girki suka riƙa yi. Da aka sake su, da yawa sun dinga ci ba sa jin ƙoshi na tsawon watanni, kitse ya dawo, ga wasu har ya wuce na da. Duk tsohuwar da ta ga 1973 za ta gane waɗannan samari. Jiki ba ya bambance fari da niyyar mai shi, yunwa dai yunwa ce a wurinsa, kuma yana ramawa.

Ganin haka ne wasu masanan abinci biyu a Amurka, Evelyn Tribole da Elyse Resch, suka fitar da littafi a 1995 suna cewa a ajiye ƙidaya da haramce-haramce, mutum ya ci in ya ji yunwa, ya tsaya in ya ƙoshi. A shekarun ne kuma aka gano sinadaran da ke kai saƙo tsakanin jiki da ƙwaƙwalwa: leptin a 1994, wanda kitse ke fitarwa don sanar da yawan ajiya, da ghrelin a 1999, wanda ciki ke fitarwa in ya zama wayam.

Mu a nan sai mu ɗan yi murmushi, domin harshenmu ya riga ya yi wannan rabo. Yunwa daban, kwaɗayi daban, marmari daban. Haɗama da zari ba ɗaya ba ne da ci. Ƙoshi daban, cika ciki har a kasa tashi daban. Mai cewa "bakina ba daɗi" ya san ba cikinsa ke kira ba. Da muka ce da ruwan ciki ake jan na rijiya, mun ba yunwa haƙƙinta. Da muka ce kwaɗayi mabuɗin wahala, mun ja wa ɗan uwanta kunne. Ga kuma hadisin da Tirmizi ya ruwaito daga Miƙdamu ɗan Ma'adi Karib kan raba ciki uku tsakanin abinci da abin sha da numfashi, wanda ɗan islamiyya ma ya haddace. Ma'auni ne da ke cikin jikin mutum, ba a kan sikeli ba.

Sai dai kada mu mai da wannan sabon maganin gargajiya mai warkar da cuta casa'in da tara. Matan nan biyu da kansu sun ce a ajiye burin ramewa gefe. Abin da aka fi gani ga masu bin wannan hanya shi ne raguwar ci na huce haushi da samun kwanciyar hankali. Nauyi kuwa wani ya sauka, wani ya tsaya inda yake. Kuma saƙon ƙoshi yana ruɗewa da irin abincin. A wani binciken da aka wallafa a 2019, Kevin Hall ya ajiye mutum 20 a cibiyar bincike a Amurka, ya ce kowa ya ci iya son ransa. A makonnin da aka ba su abincin kamfani mai laushi da saurin haɗiya, sun ci ƙarin kusan kalori 500 a rana ba tare da sun lura ba. Dunƙulen fura ko tuwon dawa da miyar kuka yana faɗa maka ka tsaya. Kwalbar lemo ba ta cewa komai. Mai ciwon sukari kuwa da likitansa zai tsara cinsa, ba da maƙala ba.

Akwai kuma abin da ya fi wannan nauyi. "Ci in ka ji yunwa" magana ce ta mai hatsi a rumbu. A 2020 ambaliya ta shafe gonakin shinkafa masu yawan gaske a Kebbi, kuma a unguwar da wata ke shan shayin ramewa, wata tana layin asibiti da yaron da tamowa ta kama. Sau da yawa 'yan uwan juna ne.

Saboda haka in jarumarmu 'yar Augie ce, kakarta ta ci bado, mahaifiyarta ta sha yabo don ta yi jiki, ita kuma wayarta tana nuna mata wasu mata daban. Ranar da ta ture kwanon tuwo, akwai tsohuwar da ke zaune a tabarma tana kallonta, wadda ba za ta fahimci yadda mai abinci zai zaɓi yunwa ba. Akwai kuma daren kwana na goma, bayan kowa ya yi barci, da za a same ta a madafa tsaye a kan tukunyar ɗumame, tana ci da sauri tana sauraren motsin ƙofa. Wannan babin ne muka cika tsallakewa.