Rediyon mota a lokacin bazara: abin da ke sa shi zafi da yadda za a kare shi

Jama'a masu saurarenmu na Magariya da Dungas, da ƴan'uwa da ke ƙetare, bazara ta kama. Daga Maris zuwa Mayu zafin rana a jihar Damagaram yakan wuce digiri 40 a inuwa, gaban motar da aka bari a rana kuwa yana iya haura 70. Nan ne rediyo yake zaune. Sai dai ba rana kaɗai ke kashe shi ba, sau da yawa haɗin waya ne da rashin iska.

Alamomin da za a lura da su: murya ta ɗauke ana cikin tafiya, in ya huce ta dawo, sauti ya riƙa karkarwa, fuskar rediyon ta yi zafin da hannu ba ya jurewa. In aka ji ƙaurin roba, a kashe shi nan take, don waya ce ke narkewa, kuma daga nan gobara ke tashi.

Mu fara da lasifika. Yawancin rediyon mota an yi su ne don lasifika mai om 4. In aka jera biyu a kan waya ɗaya, jan da jan, baƙi da baƙi, sai su koma om 2, rediyon ya ja wuta fiye da ƙarfinsa. Ƙara ta ƙaru, amma kwanansa ya ragu.

Sai wuta. Ƙaramar mota bolt 12 take aiki da shi, in inji na tafiya ya kai wajen 14. Manyan motoci da yawa bolt 24 gare su, sai an sa na'urar rage wuta. Ƴan'uwa masu aiko da rediyo daga Kano, Libiya ko Faransa, ku fara tambayar irin motar.

Fiyus, wanda wasu ke ce wa fizibil, shi ne mai gadi. Na rediyo galibi amfiya 10 ne. In ya ƙone a sa mai lamba irin tasa. Kar a ɗaura waya ko takardar sigari a madadinsa. In ya sake ƙonewa, a kai wa mai gyaran wutar mota, ya duba har da wayar da ke ɗaure a jikin ƙarfen mota, don in ta saki zafi take kawowa.

Ga kuma ƙura. Bayan rediyo akwai ƙarfe mai tsaga-tsaga da ke fitar da zafi. Motar da ke bin rairayin Guci, Malawa ko Dogo-Dogo, ƙurar hunturu ta riga ta toshe shi. A ciro rediyon a share da burushi busasshe. Mai ampli a ƙarƙashin kujera kar ya danne shi da buhu ko tabarma.

Ranar kasuwa, kamar Alhamis a Maigatari, mota kan yini a tsaye. A nemi inuwa, in babu a rufe gilashin gaba da kwali. In za a tashi a buɗe ƙofofi iska ta ratsa kafin a kunna, kuma kar a murɗa ƙara har ƙarshe. Wanda ya yi zafi, ba a zuba masa ruwa, a bar shi ya huce da kansa.

Allah ya kiyaye hanya, ya kai mu damina lafiya.