Ina Yaron Ƙasar Gwandu Ya Kan Nufa In Ya Gama Makarantar Farko?

Ku 'yan makaranta, musamman waɗanda ke aji shida a Masama da Kambaza da Dalijan da Kalgo da sauran garuruwan ƙasar Gwandu, ga wani ɗan tarihi da ya shafe ku. Kowace shekara in lokacin fita ya yi, a kan ga yara suna murna, an ba su takardar shaida, iyaye suna sa albarka. Amma tambayar da ke biye da murnan nan tsohuwa ce ƙwarai, ta girmi makarantar boko kanta, watau, daga nan kuma sai ina?

Bari mu fara da mutumin da ya kafa sarautar Gwandu, Malam Abdullahi ɗan Fodiyo. Ya rubuta wani ɗan littafi da Larabci mai suna Ida'un Nusukhi, inda ya lissafa malaman da ya yi karatu wurinsu. A ciki ya nuna Alƙur'ani wurin mahaifinsa ya karanta shi, da ya kai shekara 13 kuwa sai aka danƙa shi hannun wansa, Shehu Usmanu, ya shiga karatun littattafai. Ashe shekarunsa sa'an nan ba su fi na yawancinku ba. Kuma bai tsaya ga malami guda ba, ya bi kawunnansa da waɗansu manyan malamai, har da Malam Jibrilu ɗan Umaru. Da ya tsaya ga saukar Alƙur'ani kaɗai, da ba mu sami tafsirinsa Liya'ut Ta'wili ba.

Haka al'adar ƙasan nan ta ke tun kafin zuwan Turawa. Yaro ya sauke, a zayyana masa allo, a yi walima, a yi sadaka. Sa'an nan hanya ta rabu. Mafi yawa su koma gona ko kiwo ko sana'ar gidansu. Kaɗan su shiga makarantar ilmi a zauren malami, su fara da Ahalari da Ishmawi, su wuce Iziyya da Risala, mai nisan kwana da naci ya kai Muhtasar. Ba jarrabawa, ba kuɗin makaranta, amma akwai abin da ya fi su wuya, watau uba ya haƙura da hannun ɗansa a gona shekara da shekaru.

Turawa sun ci Sakkwato a 1903. A 1909 wani Bature da a ke kira Ɗan Hausa, sunansa na yanka Hanns Vischer, ya buɗe makaranta a Nasarawa ta Kano, aka riƙa aika 'ya'yan sarakuna da malamai daga larduna. Masu mishan kuwa ba a sake musu su kafa makarantu cikin ƙasashen sarakunan Musulmi ba, saboda alkawarin da Gwamna Lugga ya yi cewa ba za a taɓa addini ba. Don haka boko a ƙasar Gwandu ta hannun Gwamnati da En'e ya shigo. Mutane ba su karɓe shi hannu biyu ba. In an ce hakimi ya kawo yara, sai a ɓoye 'ya'ya, wani ma ya tura ɗan baransa maimakon nasa. Daga baya an yi da-na-sani a gidaje da dama.

Wajen 1930, zamanin da Mista Hussey ke shugaban ilmi na Nijeriya, aka tsara makarantu hawa uku: Elementare, da Midil, da Kwaleji. A Elementare shekara huɗu a ke yi, da Hausa a ke koyar da karatu da rubutu da lissafi da addini da kiwon lafiya. Turanci sosai sai a Midil. To, a nan ƙofa ta ke ƙuntata. Lardin Sakkwato ya haɗa ƙasar Sakkwato da Gwandu da Argungu da Yawuri, faɗinsa ya fi na waɗansu ƙasashen Turai, ga shi kuwa gurabun Midil kaɗan ne. Daga kowace Elementare 'yan ƙalilan a kan zaɓa. Wanda aka zaɓa ya bar gida ke nan, ya koma kwana makaranta, ba ya ganin uwa tasa sai da hutu. Wanda ba a zaɓa ba, ko da ya fi kowa son karatu, ya koma gida da abin da ya samu. In ya yi sa'a ya zama ɗan sako a ofishin hakimi.

Wanda ya gama Midil ba ya rasa aiki. En'e na jiransa, ko malamin haraji, ko na asibiti, ko na daji, ko na Baitulmali. Amma akwai hawa na uku, shi ne Kwalejin Katsina, wadda Gwamna Clifford ya buɗe a 1922 don horon malamai, ita kaɗai ga dukan Arewa. Sardaunan Sakkwato, Sir Ahmadu Bello, ya yi karatu can daga 1926 zuwa 1931, ya kuwa ba da labari cikin littafin tarihin rayuwarsa cewa da ƙafa su kan tafi, mil 170, kwana bakwai a hanya. Ku tsaya ku auna wannan. Yaro ɗan shekara goma sha, ga rana, ga daji, ga kwana garin da bai san kowa ba. Ɗan ƙasar Gwandu kuwa sai ya ƙara tafiyar gida zuwa Sakkwato bisa wannan. A ganina duk wanda ya yi irin tafiyan nan sau biyu a shekara ba sai an yi masa wa'azi a kan darajar aji ba.

Daga ƙasarku akwai wanda ya bi hanyan nan tun daga farko har ƙarshe, shi ne Malam Haruna, wanda aka haifa a 1913. Ya yi makarantar farko a Birnin Kebbi, ya wuce Kwalejin Katsina, ya fito ya koyar, sa'an nan ya yi aikin Baitulmali. Aka naɗa shi hakimin Kalgo da sarautar Sarkin Gobir. A 1954 ya gaji Sarki Yahaya, ya zama Sarkin Gwandu, ya shugabanci Majalisar Sarakuna ta Arewa a Kaduna, ya kuwa riƙe sarauta har 1995. Kada wani ya ce ai ɗan sarki ne. Gaskiya ne, gidansu ya buɗe masa ƙofa. Amma Malam Abubakar Tafawa Balewa, wanda ya shiga Kwalejin a 1928, ba ɗan sarki ba ne, ya kuwa zama Firayim Minista. Ita Kwalejin an ɗauke ta zuwa Kaduna a 1938, inda Shehu Shagari ya je bayan ya gama Elementare a Yabo da Midil a Sakkwato, sa'an nan aka kai ta Zariya a 1949. Ita ce Kwalejin Barewa.

'Yan mata fa? Nasu ya fi ƙunci. Tun zamanin Nana Asma'u, 'yar Shehu, akwai jajis masu kai karatu ga matan ƙauyuka, amma boko bai kai ga 'yan mata ba sai cikin shekarun 1930, aka buɗe makarantar horon malamai mata a Sakkwato a 1939. Yawancinsu ba su kan gama ko Elementare ba aure ya ɗauke su.

Bayan mulkin kai aka yi ta faɗaɗa ƙofa. A 1976 Gwamnatin Janar Obasanjo ta ce kowane yaro ya shiga firamare kyauta, ajujuwa suka cika har ana karatu gindin itace. A 1982 aka fara tsarin shekara shida a firamare, uku a ƙaramar sakandare, uku a babba, huɗu a jami'a. A 1991 aka yanke Jihar Kebbi daga Sakkwato. A 1999, a garin Sakkwato, aka ƙaddamar da shirin ilmin bai-ɗaya, dokar 2004 kuwa ta ce shekara tara na farko kyauta ne, kuma tilas ne. Watau bisa doka, ɗan aji shida bai gama kome ba tukuna, da sauran shekara uku a gabansa, kuma ba alfarma ba ce wani zai yi masa.

Sai dai abin da ke takarda daban, abin da ke ƙauye daban. Har yanzu a tsakanin aji shida da ajin farko na sakandare yara da yawa su ke zubewa. Wani garinsu ba sakandare, sai ya yi tafiyar mil da dama kullum. Wani kuɗin riga da littattafai ya gagari ubansa. Wani shinkafar fadama ta riƙe shi, wata kuwa an riga an karɓi kayan aurenta. Tun da 'yan bindiga suka kwashe ɗalibai daga Kwalejin Gwamnatin Tarayya ta Birnin Yawuri a watan Yuni na 2021, iyaye da yawa sun ƙara jin tsoron makarantar kwana, ba kuwa wanda zai zarge su.

A 2013 aka kafa Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi, mazauninta na dindindin kuwa a ƙasar Kalgo ya ke, kan hanyar Bunza, cikin gundumar da Malam Haruna ya yi hakimci. Daga Masama, wanda ya tashi da safe a mota zai isa ƙofarta kafin azahar.